Ina son koyon walda a gida, kuɗina kaɗan ne: wane inji zan saya?

Tambayar ta wani ma'aikaci ce mazaunin Kano. Ya ce yana sha'awar koyon walda a gida, ba don neman abinci ba, don dai ya riƙa haɗa 'yan abubuwa da hannunsa ranakun Asabar da Lahadi: teburi, kejin kaji, mazaunin tukunya, gyaran ƙofar da ta ɓalle. Ya leƙa kasuwa ya tarar da injuna iri-iri, wani an rubuta masa 200, wani 400, wani MIG, wani TIG, har kansa ya ɗaure. Wanne zai saya, kuma me zai haɗa da shi?

Malam, ka sayi ƙaramin injin inbata mai aiki da elektirod, wato sandar ƙarfe mai rufin hoda da ke narkewa ta haɗa ƙarfe da ƙarfe, irin wanda ake rubuta wa MMA ko ARC a jiki, wanda ƙarfinsa na gaskiya yake tsakanin amfiya 120 da 160. Kada injin ya ci fiye da rabin kuɗin da ka ware. Ragowar na garkuwar ido ne, da injin yankan ƙarfe, da waya mai kyau. Amsar ke nan a dunƙule. Amma na san idan ka tsaya gaban mai shago ya nuna maka wani ja mai sheƙi da aka rubuta wa 400, kuma bambancin kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, zuciyarka za ta karkata. Don haka bari in warware maka dalilan, yadda ko ba na kusa za ka iya yi wa kanka hukunci.

Kafin ka taka zuwa kasuwa, dubi soket ɗin bangon gidanka, domin shi ne zai zaɓar maka inji. Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce a takarda, a Nijar 220, kuma mu duka mun san akwai unguwannin da da yamma ko fanka ba ta juyawa sosai. Fulogin nan mai ƙafa uku masu kusurwa da muke amfani da shi amfiya 13 aka yi shi ya ɗauka, wato kilowat 3 ko kusa da haka. Yanzu ga lissafin walda. Ƙa'idar da masu ƙera injuna ke bi ita ce, wutar da ke tsakanin bakin elektirod da ƙarfe bolt 20 ce, a ƙara bolt 4 a kan kowane amfiya 100. Idan kana walda a kan amfiya 80, kana cin kusan kilowat 2 a bakin aiki, injin kuma yana janyo fiye da haka daga bango saboda asarar da ke cikinsa. Nan ka riga ka kai bakin iyakar fulogin. Idan ka hau amfiya 110 ko 120, injin zai ja amfiya 20 ko fiye daga bango, fis ya tsinke ko soket ya fara wari.

To inji mai amfiya 400 fa? Bolt 36 sau 400 ya haura kilowat 14. Wannan wutar masana'anta ce mai layi uku, ba ta gidan haya ba. Duk injin da za ka ɗauka da yatsu biyu, da fulogin gida a wutsiyarsa, aka ce maka 400 ne ko 500, lambar ado ce kawai. Har ɗan allon da ke nuna lamba a gabansa an saita shi ne ya nuna abin da mai saye ke son gani: ka murɗa ya nuna 300, alhali abin da ke fita bai wuce 120 ba. Wannan bai sa injin ya zama marar amfani ba, sau da yawa yana ƙona elektirod lafiya lau. Abin da nake ƙi shi ne ka biya kuɗin 400 ka tafi gida da 120, sannan ka rasa gane inda za ka saita shi saboda lambobinsa ba su da alaƙa da abin da ke rubuce a kwalin elektirod.

Hanyar kama gaskiyar inji tana jikinsa. Juya bayansa ko ƙarƙashinsa, za ka ga wani ɗan jadawali. Nemi inda aka rubuta I1max, wato iyakar wutar da yake ja daga bango. Idan ka ga 25A, to ko me aka rubuta a gaba, injin bai fi amfiya 140 ko kusa da haka ba, domin ba zai fitar da abin da bai ci ba. Sai ka nemi harafin X, da kaso cikin ɗari a gefensa, da lambobin amfiya a ƙasansu. Wannan shi ne juriyar injin, kuma a kan minti 10 ake auna ta. Idan an rubuta 60% a kan 100A, ma'ana zai yi minti 6 yana walda, ya huta minti 4. Ƙa'idar duniya ta ce a yi wannan awo a zafin digiri 40, wanda a wurinmu zafin watan Afrilu ne na yau da kullum. Mai koyo ba ya matsa wa inji, kafin ka kakkaɓe aiki ka sake elektirod ya huta, saboda haka 30% ko 40% a kan amfiya 120 ya wadace ka. Injin da babu wannan jadawali a jikinsa sam, ka ajiye shi ka duba wani.

Wani zai ce maka ka rabu da inbata, ka sayi tiransifoma irin wadda ake naɗawa a gida, wadda kake gani a ƙofar shagunan walda. Tana da hujjarta, ba zan ɓoye ba. Ba ta tsoron ƙura, ba ta da wani allon lantarki da zai ƙone, idan naɗinta ya lalace mai naɗin waya zai gyara ta a unguwa, kuma tana iya shekaru tana aiki. Amma ba ta dace da kai ba. Nauyinta sai mutum biyu ko baro. Idan ka ƙyasta, fitilun maƙwabta za su lumshe, kuma ba za a daɗe ba za a yi maka sallama. Yawancinsu a buɗe suke, wayoyi tsirara, ga yara a gida. Saitinta kuma sai dai ka cire waya daga wannan baki ka mayar wancan, babu tsaka-tsaki, alhali siririn ƙarfen da za ka fi aiki da shi bambancin amfiya 10 ne ke raba walda da huda. Inbata tana sarrafa wuta ne da saurin dubban juyi a daƙiƙa, maimakon 50 na wutar bango, shi ya sa tiransifomar da ke cikinta 'yar mitsitsiya ce, duk injin bai wuce kilo 4 zuwa 6 ba. Wutar da take fitarwa miƙaƙƙiya ce, tana kamawa da sauƙi, ba ta yawan tartsatsi. Rauninta biyu ne: ƙura da wutar da ke hawa da sauka. Kada ka yi gurza kusa da ita, domin fankarta na zuƙo garin ƙarfe ya kwanta a kan allon. Lokacin hunturu ka rufe ta idan ba a aiki, ka riƙa hure ta da iska jifa-jifa.

Maganar janareta ita ce inda kuɗi ke zurarewa ba a sani ba. Ɗan ƙaramin nan na kunna fitila da talabijin ko kusa ba zai iya ba, na 2.5kVA ma wahalar da shi kawai za ka yi. Don elektirod na milimita 2.5 kana buƙatar 5kVA na gaskiya, don na 3.2 kuma gara 6.5 ko 7. Idan ba ka da irinsa, ban ba ka shawarar ka saya don sha'awar ƙarshen mako ba, musamman yadda fetur ya koma tun da aka janye tallafi a watan Mayun 2023. Ka tsara aikinka da lokacin da ake kawo wuta: ka yi awo da yanka da shiri, idan wuta ta zo ka yi walda. Idan kuwa kana da janaretan, ka tashe shi ya daidaita kafin ka kunna injin walda, ka kashe injin kafin ka kashe janareta. Hawan wutar da ke faruwa a waɗannan lokuta biyu shi ke kashe inbata. Inbatar sola ta gida kuma, wadda ke riƙe maka firji da fanka, kada ka gwada ta. Game da mita, hankalinka ya kwanta: ko awa guda cur ka yi wuta na ci ba tsayawa, yunit 2 zuwa 3 ne, kuma a yinin aiki ainihin lokacin da wutar ke ci kaɗan ne.

Abin da ya cancanci ka kashe wa kuɗi shi ne ka kira mai gyaran wuta ya ja maka layi na musamman daga akwatin rarraba wuta, da waya mai kaurin milimita murabba'i 4, da bireka ta amfiya 20 ko 25, da soket mai ƙarfi, ya kuma tabbatar wayar ƙasa ta gidan tana aiki. Idan dole sai ka ƙara doguwar waya, kada kaurinta ya gaza 2.5, kuma ka warware ta duka daga naɗinta, don naɗaɗɗiyar waya zafi take tarawa.

MIG da TIG ba zan daɗe a kansu ba. MIG, wadda injin ke turo siririyar waya da kansa maimakon elektirod, ta fi sauƙin koyo, gaskiya ne, kuma a Turai da Amurka ita ake nuna wa mai koyo a garejinsa. Amma tana son tukunyar iskar gas, da ma'aunin tukunyar, da waya, da zirga-zirgar cikowa, kuma a tsakar gida iska kaɗan ta isa ta kore gas ɗin da ke kare narkakken ƙarfen, waldar ta fito da ƙananan ramuka. TIG ta masu aikin alminiyom ce da ƙarfen da ba ya tsatsa, tana cin gas ɗin argon, tana son hannu biyu da haƙuri mai yawa. Akwai ta tsakiya da ta cancanci a ambata, wato MIG marar gas, mai amfani da waya mai hoda a cikinta, yawanci ta milimita 0.8. A kan siririn bututu tana da daɗin aiki, kuma yanzu ana samun ƙananan injuna masu yin ta su kuma yi elektirod. Kafin ka saya, ka fara zagaya ka ga ko ana sayar da wayar da ƙananan bakunanta a garinku, ka ji farashi. Elektirod kuwa ko a ƙauye za ka samu. Waldar gas ta kabaid, irin ta masu gyaran jikin mota, kada ta shigo gidanka ko kyauta aka ba ka. Gas ɗin da kabaid ke fitarwa idan ya haɗu da ruwa yana iya fashewa da ɗan matsi kaɗan, kuma tulunan da ake haɗawa a gida yawanci ba su da abin da zai tare wuta idan ta koma baya.

Elektirod ɗinka shi ne E6013. Lambar 60 tana nufin ƙarfin waldar ya kai fam dubu 60 a kan kowane inci murabba'i, 1 tana nufin ana yi da shi a kwance da tsaye da sama, 3 kuma nau'in hodar da aka lulluɓe shi da ita ce, mai saurin kamawa. Idan ka ga kwalin China da J421, shi ne dai. A kasuwa da geji ake kiransa: geji 12 shi ne milimita 2.5, geji 10 shi ne 3.2, geji 8 kuma 4. Ka sayi geji 12, shi ne abokin aikinka, yana ci tsakanin amfiya 60 da 90. Geji 10 sai ƙarfe mai kauri, daga amfiya 90 zuwa 130. Geji 8 ba naka ba ne. Za ka ji ana yabon E7018, kuma ya cancanci yabo, amma yana shan danshi, sai an ajiye shi a tanda mai ɗumi, kuma sake kunna shi yana ba mai koyo haushi. Ko 6013 ɗin ma ka adana shi a bututun roba mai murfi, musamman da damina. Elektirod mai danshi yana tofi, yana maƙalewa, sai ka zaci hannunka ne ko injin.

Ga inda yawancin masu koyo ke karaya, kuma mai shago ba zai faɗa maka ba. Bututun nan mai kusurwa huɗu da ake yin teburi da keji da shi, kaurinsa sau da yawa milimita 1 ne zuwa 1.5, wani ma bai kai ba. Idan ka ɗora masa elektirod ka ja layi, kafin ka ƙifta ido ka huda shi. Ka yi ƙoƙarin cike ramin, ya ƙara faɗi. Mutum ya yi haka yini guda sai ya ce walda ba tasa ba ce. Laifin na zaɓin ƙarfe ne. Kada ka fara koyo a kan siririn bututu. Je wurin 'yan gwangwan ka sayi guntayen ƙarfe masu kaurin milimita 4 zuwa 6, falle ko angul, a kan kilo suke sayarwa kuma da araha. A kansu za ka koyi kunna wuta, wanda kamar ƙyasta ashana ne, ka goga ka ɗaga kaɗan. A kansu za ka koyi riƙe tazara, wadda ba ta wuce kaurin ƙarfen elektirod ɗin ba, kana sauke hannu a hankali yayin da yake cinyewa. Ka karkatar da shi kaɗan zuwa inda kake tafiya, ka ja shi, kada ka tura. Idonka kuma ya bar kallon hasken, ya koma kan narkakken ƙarfen da ke bin bayansa. Ranar da ka fara bambance narkakken ƙarfe da narkakkiyar hodar da ke yawo a samansa, rannan ka fara walda.

Idan ka dawo kan siririn bututu, ka nemi mai kaurin 1.5 ko 2 ko da ya fi tsada, ka je da ma'aunin kauri ko ka ɗaga ka ji nauyi, don abin da ake faɗa da baki ba kullum yake daidai ba. Ka rage wuta zuwa 50 ko 60. In ka sami elektirod na milimita 2, ya fi. Ka gyara yankanka bakin ya haɗu ba rata, domin rata ce mafarin huda. Sannan maimakon jan layi, ka riƙa ɗigawa: ka ɗiga, ka ɗaga, jan ya fara dushewa, ka sake ɗigawa a gefen na farko. Wata dabara da inbata ke ba ka ita ce sauya wayoyi. Idan ka sa mariƙin elektirod a bakin da ke da alamar ragi, maƙalar da ake kama ƙarfen aiki da ita kuma a bakin da ke da alamar tarawa, wutar ba ta nutsewa sosai, huda tana raguwa. A kan ƙarfe mai kauri sai ka mayar yadda suke.

Wayoyin da ke zuwa da injuna masu araha gajeru ne, kuma galibi alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Kankare bakin wayar da wuƙa, in ka ga fari a ciki ka gane. Za su yi maka aiki na ɗan lokaci, amma da zarar ka sami hali ka sauya su da na jan ƙarfe zalla mai kaurin milimita murabba'i 16, mita 3 zuwa 5 kowace. Maƙalar da ake kama ƙarfen aiki da ita ma ka sayi mai ƙarfi, ka kama ta a wurin da ka goge ya yi fari, kusa da inda kake walda. Abin da ake yi a bakin titi, a jera guntayen rodi a ƙasa su zama hanyar wuta, kada ka koya. Yawancin maƙalewar elektirod da ake ɗora wa inji daga nan take.

Yanzu ido. A nan ne ba na sassauci, domin abin da za ka gani a gari zai ruɗe ka: ƙwararren mai walda da baƙin tabarau na 'yan gayu, ko ma ya kawar da kai ya runtse ido ya ɗiga. Hasken walda yana ɗauke da wani haske da ido ba ya gani, mai ƙona fatar ƙwayar ido. Ba a jin komai nan take. Sai bayan awa 6 zuwa 12, yawanci cikin dare, mutum ya farka idanu na zubar da ruwa, suna raɗaɗi, ya kasa buɗe su. Yakan warke cikin kwana ɗaya ko biyu, shi ya sa ake raina shi, amma maimaita shi shekara da shekaru yana taɓa gani. Baƙin tabarau ya fi rashinsa haɗari ta wata fuska, don yana sa ka iya kallon hasken kai tsaye, ga fuska da wuya a buɗe suna ƙonewa. Abin da kake buƙata garkuwa ce mai rufe fuska duka, da gilashi mai lambar duhu 10 ko 11. Ta hannu mai gilashi tsayayye tana da araha ƙwarai kuma ba ta cin amana. Amma ga mai koyo na fi son hular da ke yin duhu da kanta, wadda za ka ga an rubuta mata 9-13, don tana barin hannuwanka biyu a sake, kuma kana ganin inda za ka ƙyasta. A nan ne araha ba ta ado. Nemi mai alamar EN 379 ko ANSI Z87.1, mai wurin sauya batir, ka gwada ta a shago da tartsatsin laita ka ga ta rufe nan take. Ka haɗa da fararen robobin da ake sa wa a gaban gilashin, don su ne ke cin tartsatsi. Idan tsautsayi ya sa hasken ya kama ka, ka zauna a duhu, ka ɗora tsumma mai sanyi a kan rufaffen ido, kada ka murza, kada ka ɗiga madara ko ruwan albasa ko wani abin da aka ce maka. In ya wuce yini bai lafa ba, ko kana jin wani abu ya shiga, ka tafi asibitin ido.

Kada ka manta ba kai kaɗai ke da ido a gidan ba. Yara ba abin da ke jan su kamar wannan haske, za su tsaya daga nesa su ƙura masa ido. Ka kare wurin aikinka da fallen kwano biyu ko uku, ka kuma gaya wa uwargida lokacin da za ka fara don a tsare su.

Injin yankan ƙarfe na hannu shi ne abu na biyu da za ka saya, kuma za ka fi daɗewa riƙe da shi fiye da mariƙin walda. Shi ne kuma ya fi raunata mutane. Ka ɗauki ƙarami mai faifan milimita 115, ka bar babban nan na 230 ga masu shago. Ƙaramin ma yana juyi kusan dubu 11 a minti, faifan da ya fashe a wannan gudu ba ya tambayar inda zai shiga. Murfin kariyarsa ya zauna a jikinsa, ko wa ya ce maka yana tare gani. Faifan yanka daban, na gurza daban, kada ka gurza da gefen na yanka. Faifai yana da ranar lalacewa a buge a zoben tsakiyarsa, ka duba. Kada ka taɓa ɗaura masa faifan zarto na katako. Farin tabarau na kariya kuma ya zauna a fuskarka lokacin yanka da lokacin kakkaɓe ɓawon walda, don ɓawon yana tsalle da zafinsa.

Sauran kayan ƙanana ne: safar hannu ta fata mai tsawo, 'yar gudumar kakkaɓe ɓawo, burushin waya, tef na awo, sukwaya, matsa biyu ko uku, da maganaɗisun kusurwa in kuɗi ya rage. Tufafi na auduga masu kauri, dogon hannu, ba mai roba-roba ba wanda ke narkewa ya manne a fata. Kaftani mai yalwa da silifas ba na wurin walda ba ne, takalmi rufaffe za ka sa, wando ya sauko a kansa. Ka yi aiki a inda iska ke wucewa, a busasshen wuri. Wutar da ke bakin mariƙi kafin a ƙyasta takan kai bolt 60 zuwa 80, wadda ga busasshen hannu ba komai ba ce, amma ga jiƙaƙƙen gumi ko mai tsaye a danshi tana iya kisa. Kada ka sauya elektirod da hannu tsirara. Tartsatsi yana tafiya har mita 10, don haka galan ɗin fetur, da tukunyar gas, da katifa, da zana, duk su yi nisa, bokitin yashi kuma ya kasance kusa. In ka gama ka ɗan zauna rabin awa a wurin kafin ka tafi, wutar walda takan ɓuya ta tashi daga baya.

Abu biyu ne ba na son ka kusanta. Na farko bututun ruwa mai farin rufin zinki: hayaƙinsa fari ne, yana kawo zazzaɓi da ciwon jiki da daddare. In dole ne, ka gurje rufin a inda za ka yi walda, ka tsaya ta inda iska ke kore hayaƙin. Na biyu, duk wani duro ko tanki ko galan da ya taɓa ɗaukar fetur, ko gas, ko sinadari, ko da an ce an wanke shi, ko ya shekara a yashe. Tururin da ya rage a ciki shi ke fashewa, kuma ya hallaka ƙwararru da dama.

Wurin saye, tunda kana Kano, ƙarfe da elektirod Kofar Ruwa, injuna kuma ka zagaya shagunan kayan aiki na Sabon Gari. Na Kaduna yana da Panteka, na Abuja Dei-Dei, na Yamai Katako. Injunan ESAB da Lincoln Electric da Miller na ƙwarai ne, amma kuɗinsu ya fi ƙarfin abin da kake nema. Na matsakaicin farashi irin su Ingco da Total da Edon suna ko'ina, kuma cikin irinsu za ka zaɓa, da jadawalin nan na bayan inji a matsayin alƙali. Farashi yana bin dala, ya kan sauya tsakanin wata da wata, shi ya sa na ba ka kaso maimakon adadi. Ka tafi da elektirod geji 12 da geji 10 da guntun ƙarfe a aljihu, ka ce a jona a gwada a gabanka, zai fi kyau in ka ja wani mai walda ya raka ka. Ka tambayi garanti a rubuce, ka tambayi wa ke gyara irinsa a gari. Na hannu kuma, in ba a ƙona elektirod biyu ko uku a jere da shi a gabanka ba, kada ka biya.

In da ni ne kai, cikin kuɗin nan zan ware wani abu in kai wa wani mai shagon walda na unguwa, in ce ya bar ni in riƙa zuwa ranar Asabar. Abin da zai gyara maka a riƙon hannu cikin minti biyar, bidiyo ba zai gani ba balle ya gyara. Ka ɗauki hannunsa, ka bar masa tabaransa. Duk abin da ka haɗa a farko, ka sa shi a matsa ka doke shi da guduma har ya karye, ka duba cikin karayar: in waldar ta ɓalle ta bar ƙarfen sumul, a sama kawai ta kwanta, wuta ta yi kaɗan ko ka yi sauri. Aikinka na farko ya zama teburin da za ka riƙa aiki a kansa. A nan za ka ga yadda zafi ke janye ƙarfe, ka koyi ɗiga kusurwoyi huɗu tukuna, ka auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarorin biyu su zo daidai, sannan ka cike, kana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan. Daga nan keji, da maratayi, da mazaunin tukunya, duk naka ne. Amma ƙafar tankin ruwa, wanda lita 1,000 a cikinsa tan guda ne a saman kawunan iyalinka, da matakala, da ƙarfen rufi, da duk abin da ya shafi mota ko babur, waɗannan ka kai wa mai sana'a ka biya shi.